Mayafin Citta

A shekarar da damina ta yi gardama, wato 1973, Baba Kambai ya ja igiya a tsakiyar gonar cittarsa, ya raba ta biyu, ya ba kowane manemin 'yarsa rabi.

A Ungwan Doka, ƙauyen da ke gindin dutse a bayan Kafanchan, saurayin da ke neman yarinya sai ya yi wa mahaifinta noma, a ga ƙarfinsa, a ga hankalinsa. Yawanci mutum ɗaya ke zuwa da fartanya. Roseline kuwa, 'yar Baba Kambai, malama a firamaren mishan, mutum biyu suka zo mata, kuma mahaifinta irin mutanen nan ne da za su gwammace ɗaki ya rufto musu da su ce wa wani a'a. Maimakon ya kira 'yarsa ya tambaye ta wanda take so, sai ya tura wa gona maganar.

"Ga ƙasa, ga iri," in ji shi. "Wanda cittarsa ta tsiro da kyau, shi zan zauna da iyayensa."

Irin duk nasa ne, wanda ya binne a rami tun kaka, ya danne zuciyarsa bai kai kasuwa ba. In ya mutu a ƙasa, babu wani.

Rabin sama, mai tsakuwa, ya faɗo wa Meshak. Rabin ƙasa, wanda ya gangara zuwa rafi, ya faɗo wa Leonard. Meshak ya dubi tsakuwar rabinsa. Ya haɗiye abin, ya ajiye shi inda yake ajiye sauran.

Sauran kuwa da yawa. Meshak malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kafanchan. Tun yana ƙarami aka kai shi makarantar kwana, daga can ya wuce Zariya, ya dawo da akwatin littattafai da tsohon keke da wani fushi da ba ya hucewa, na yadda mutanensa ke zuba ido abu ya lalace sannan su ce haka Allah ya so. Leonard mai duba tikiti ne a jirgin ƙasa. Yana da sabon babur, da rediyo mai rataya, da dariyar da ake jiyowa tun daga bakin rafi. In ya dawo daga Kaduna yakan kawo wa Mama Afiniki, mahaifiyar Roseline, burodi da kifin gwangwani. Tsofaffi na son sa, yara na bin babur ɗinsa, karnukan gidan ma ba sa yi masa haushi.

An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa ganin Meshak a tsakar gidan Baba Kambai lokacin shan kunu ba. Duk Lahadin da su biyun suka haɗu a can, Roseline takan fito da kunun dawa. Ta nufi Leonard, ta durƙusa, ta miƙa masa a sabuwar ƙwarya da hannu biyu. Sai ta koma ta kankare gindin tukunya, ta juye mai kaurin nan na ƙasa a wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki, ta miƙa wa Meshak a tsaye, wani lokaci ma idonta na wajen kaji. Ya karɓa ya sha, yana ɓata fuska.

Tun da rani abin ya fara zafi. Kowace shekara, da ciyawa ta bushe, samarin ƙauyen kan cinna wa daji wuta don su kama gafiya da zomo. Dutse ya yi ta ci, a dawo da naman da bai cika tukunya ba, a bar ƙasa tsirara, baƙa ƙirin. Alhali babu wanda bai sani ba cewa citta ba ta rayuwa sai an rufe ta da ciyawa da ganye bayan shuka. Da hannunsu suke ƙona abin da za su zo suna nema ido rufe nan da 'yan watanni, in kuma ka yi magana a ce maka haka aka tarar.

Wata Lahadi, bayan an tashi sujada, Meshak ya tare dattawa a gindin mangwaron coci. Ya buɗe wata mujalla mai hoton wata, irin wanda mutanen da suka je can suka ɗauko.

"Iyayena, ku dubi nan. Wannan wata ne. Babu ciyawa, babu ruwa, ko tururuwa babu. Kun san nisansa da rana kusan ɗaya ne da namu? Allah ya ajiye duniyarmu a daidai wuri. Da ta matsa kusa da rana sosai, da teku ya ƙafe. Da ta yi nisa, da ya daskare. To shi ma wata a nan unguwar tamu yake zaune, rana ɗaya ke dukanmu, me ya sa babu rai a kansa? Ba shi da mayafi. Mu iska ce ta lulluɓe mu. Da rana ta rage mana zafi, da dare ta riƙe mana ɗumi, ta hana ruwanmu tserewa. Shi kuwa tsirara yake. Da rana zafinsa zai tafasa ruwa, da dare sanyinsa ya wuce duk abin da kuka taɓa ji. Abin da iska ke yi wa duniya, shi ganye ke yi wa citta. Ku kuma kuna barin yara su ƙona mayafin gonakinku saboda gafiya."

Dattawan suka karɓi mujallar, suka zagaya da ita hannu zuwa hannu.

"Malam ya yi karatu," in ji ɗaya, yana mayar masa. "Amma wuta dai kakanninmu ma sun sa, kuma ga mu nan."

Leonard na zaune a kan babur ɗinsa, ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Tica, tambaya ɗaya. Su waɗanda suka je watan, sun samo gafiya, ko a banza suka ƙona mai?"

Aka kwashe da dariya. Dariyar dattawa ba ta dami Meshak ba, ya saba. Abin da ya tsaya masa a ido shi ne Roseline a bakin ƙofar coci, ta ja gefen ɗankwali ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

Washegari ya ɗauki fartanya ya hau saurar marigayi mahaifinsa a kan tudu, ya share hanya mai faɗi kewaye da ita. Da wuta ta zo, ta cinye ko'ina, ta tsaya a bakin sharar. Daga nan kullum in an tashi makaranta sai ya hau tudun, yana yankan ciyawa, yana tara ganyen doka, har ya yi tsibi-tsibi masu tsayin rumbu. Masu wucewa suka riƙa cewa boko ya taɓa shi.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, kowa ya ruga gona. Leonard ya zo da abokansa na reluwe, da ganga, da babbar tukunyar shinkafa. Kafin la'asar sun binne irin rabinsu suna waƙa. Da aka zo rufi, suka bazu cikin ƙonannen daji, suka dawo da 'yan ganyayen da ba za su rufe kabarin kaza ba. Suka watsa su, suka wanke hannu, suka tafi. Meshak shi kaɗai ya yi nasa, da yamma-yamma, ya shimfiɗa rufi mai kaurin da ƙafa ke nutsewa a ciki.

Sai sama ta yi shiru. Hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi, iska ta zo ta watsa shi, gobe ma haka. Rana ta zauna a kan ƙauyen. Ƙasar rabin Leonard ta fara tsagewa, in ka taka ba takalmi sai ka ɗaga ƙafa. A rabin Meshak kuwa, in ka cusa hannu ƙarƙashin ganye, sanyi za ka ji da danshi. Yakan je ya tsaya a kan igiyar, ya dubi rabin sama ya ga duniya, ya dubi rabin ƙasa ya ga wata, ya ji wani daɗi da bai kamata Kirista ya ji ba.

Ran Asabar Roseline ta same shi a tudu, yana danne tsibin ganye da duwatsu don kada iska ta kwashe.

"Malam, sannu da aiki."

"Yauwa, Malama."

"Ganye na zo roƙo."

"Na me?"

"Na gona."

"Gonar rabi biyu ce. Nawa a rufe yake."

"Na ƙasan nake nufi. Jiya na tono iri ɗaya, ya fara yanƙwanewa. In aka ƙara 'yan kwanaki a haka, ya tafi."

"Mai babur ne ya aiko ki?"

"Yana hanyar Inugu. Bai ma san halin da ake ciki ba."

"Ashe ke kike masa gadi. In ya dawo ki ce ya tambayi gafiya, ita ta san inda ganyensa ya shiga."

"Meshak, irin Baba ne fa."

"Ranar da nake faɗin wannan maganar a coci, wa ya rufe baki yana dariya?"

"Abin ya ba da dariya, na yi dariya. Ban ce ƙarya kake yi ba."

"To wanda ke ba ki dariya ya ba ki ganye. Ni na san matsayina a gidanku. Ni ne mai shan na gindin tukunya."

Roseline ta dube shi, ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, sai ta fasa.

"Na zo neman ganye, ka ba ni lacca," ta ce, ta juya ta gangara.

Ya tsaya yana kallon bayanta har ta shige cikin itatuwan ɗorawa. Duk watannin da ya yi yana yankan ciyawa a nan, ko ruwan sha ba ta taɓa hauro masa da shi ba. Yau da cittar Leonard ta ji rana, ga ta ta hau tudu da ƙafarta.

Ran Litinin da yamma ya iso gona a kan keke, sai da ya kusa faɗuwa. Rabin rufinsa ya tsallaka igiya. Roseline na tsakiyar rabin Leonard, ta ɗaure zane a ƙugu, tana baza ganyen da ta kwaso daga nasa. Yanzu duk gonar a rufe take, amma rufin ya zama shara-shara, ana hango ƙasa ta cikinsa kamar tsohon gidan sauro.

Ya yar da keken.

"Me kika yi?"

"Abin da kake gani. Gonar babana ce, sama da ƙasa."

"Kin kashe duka biyun. Wannan ba rufi ba ne. Akwai wata duniya da ake kira Mas, tana da mayafi irin wannan, ɗan siriri. Hotunan da aka ɗauko sun nuna busassun kwaruruka, kamar ruwa ya taɓa gudu a can. Yau ko rafi ɗaya babu. Mayafin da bai kai ba, da shi da babu duk ɗaya ne."

"To ka san abin yi ke nan." Ta miƙe, ta share gumi da bayan hannu. "Ganye na can a tudu tsibi-tsibi, akuya ma ba ta ci. In ka kawo, duka su rayu. In ka ƙi, duka su mutu, naka da nasa, Baba ya rasa iri, ni kuma in zauna a gidanmu in tsufa. Kai ka ce iska ce ta lulluɓe duniya. Ban ji ka ce tana zuwa kan igiya ta tsaya ba."

"Zan iya kwashe nawa in mayar."

"Za ka iya. Gobe in sake kwasowa. Makarantarmu ta riga taku tashi."

Meshak ya dubi gonar, ya dubi rana da ke shirin faɗuwa ba ko ɗigon hadari a kusa da ita. Ya san gaskiyar lissafin, shi ne abin da ya fi ƙona masa rai. Ya ɗaga keken ya nufi tudu.

Haka ya yi ta jigila kowace yamma, dami a bayan keke, dami a ka. Ya fara da nasa, ya mayar masa da kaurinsa na da. Sannan ya tsallaka igiya. Ya yi niyyar ya watsa wa rabin Leonard ganyen sama-sama, daidai yadda ba zai mutu ba kuma ba zai yi kyau ba. Hannunsa ya ƙi. Mutumin da ya tsaya a gaban dattawa ya yi wa'azin mayafi ba zai iya shimfiɗa rufin banza ba, ko a gonar maƙiyinsa. Ya jera ciyawa a ƙasa, ya ɗora ganyen doka a kai, ya toshe duk inda ƙasa ke leƙowa, ya danne gefe da reshe. Yana yi yana cizon leɓe. Ji yake kamar shi aka sa ya yi wa Leonard shimfiɗar ɗakin amarya.

Yana kan dami na ƙarshe ya ji ƙarar babur. Leonard ya sauka, da kayan aikinsa a jiki, ya tsaya a bakin gona yana kallo.

"Tica, ashe haka kake ƙaunata ban sani ba?"

Meshak bai ɗago ba.

"Kawo in ɗauko sauran a babur. Wannan keken naka ya kusa yin ritaya."

"Babu saura."

"To na gode."

"Ba don kai na yi ba."

"Na sani," in ji Leonard. Wannan karon bai yi dariya ba, amma Meshak bai lura ba, idonsa na kan ganye.

Ruwa ya dawo daga baya, kaɗan-kaɗan da farko, sannan da gaske. A gonakin maƙwabta da yawa iri ya riga ya bushe a ƙasa, aka yi ta cewa shekarar ce ta zo da haka. Babu wanda ya ambaci wutar rani, kuma kowa ya san in ciyawa ta sake bushewa za a sake cinna ta. A gonar Baba Kambai kuwa tsiro ya huda ganye ya fito, tsini-tsini, kore shar. Rabin sama ya yi kyau daidai gwargwadon ƙasa mai tsakuwa. Rabin ƙasa, da ya haɗa danshin rafi da rufin Meshak, ya cika maƙil, ya fi tsawo, ya fi duhun kore. Masu zuwa ɗiban ruwa suka riƙa tsayawa suna cewa, "Kai, Leonard hannunsa na da albarka." Meshak ya ji wannan maganar a rafi, ya ji ta a coci, ya ji ta har a bakin mai sayar da burodi a tasha.

Ranar da za a duba gona, bayan sujada, Baba Kambai ya bi igiya daga wannan gefe zuwa wancan, hannu a baya. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya. Makaho ma zai iya faɗin rabin da ya fi.

"To," in ji shi. "To. Mu sha kunu tukuna."

Aka zauna a gindin ɗorawa a bakin gona. Mama Afiniki ta sauke tukunya. Roseline ta ɗebo a sabuwar ƙwarya, ta nufi Leonard, ta durƙusa, ta miƙa masa da hannu biyu.

Meshak ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya nufi kekensa.

"Malam, ina zuwa?" in ji Mama Afiniki. "Naka na nan a gindin tukunya."

"Na ƙoshi, Mama. A ba mai gona. Ni na gaji da shan ragowa."

Mama Afiniki ta ajiye ludayi, ta dube shi tun daga takalmi har kai.

"Wannan yaro, makarantar kwana ta cinye maka gida. A garin nan wa ake durƙusa wa? Baƙo. Baƙo ake fara ba, a sabuwar ƙwarya, ya sha na sama mai ruwa-ruwa, ya yi godiya ya tafi. Mai kaurin na ƙasa na ɗan gida ne. Ka taɓa ganin ta durƙusa wa yayanta? Ka dubi ƙwaryar da take ba ka, ka dubi wadda babanta ke sha a ciki, ɗinkinsu ma hannu ɗaya ne. Tun bara yarinya take ba ka a ƙwaryar gida, kai kana ta kumbura kamar kwaɗo."

Meshak ya tsaya, hannunsa a kan keke. Ya dubi Roseline. Ita kuma tana kankare gindin tukunya, ba ta ɗago ba.

"Na so in faɗa maka a tudu," ta ce. "Lacca ba ta bar wuri ba."

Leonard ya ajiye sabuwar ƙwaryar a ƙasa, bai ko sha rabi ba.

"Mama, da kin bar shi ya hau kekensa. Ni tun ranar da aka fara durƙusa mini na san inda aka ajiye ni." Ya juyo wajen Meshak. "Tica, duk Lahadi ina kallon tsohuwar ƙwaryar nan a hannunka, kunu ya ƙi wuce mini. Na kawo burodi, na kawo kifi, na kawo ganga, wai ko sau ɗaya a miƙo mini a tsaye. Kai kuma kana sha kana ɓata fuska kamar an ba ka maganin zazzaɓi. Da Baba ya ja igiya, na ce ko gona za ta cece ni." Ya dubi rabin ƙasa, kore har bakin rafi. "Gonar ma da ganyenka ta tsiro."

Baba Kambai ya yi gyaran murya.

"Amma dai na ce wanda cittarsa ta tsiro da kyau..."

"Baba," in ji Roseline, "Leonard ya binne na ƙasa, Meshak ya binne na sama. Wanda ya rufe duka biyun mutum ɗaya ne. Da ba a rufe ba, da yau busasshiyar ƙasa muka zo dubawa, kamar a gonar maƙwabtanmu su Martha."

Fuskar tsohon ta saki, ganin wani ya ɗauke masa nauyin yanke magana.

"Haka ne, haka ne. Ai ni ma abin da zan ce ke nan. Malam, ka ce wa kawunka ya zo mu zauna."

Leonard ya tashi, ya gaida Mama Afiniki, ya gaida Baba Kambai, ya tayar da babur. Bai kunna rediyo ba. Aka yi ta jin ƙararsa har ya haye hanyar Kafanchan.

Roseline ta juye mai kaurin a tsohuwar ƙwarya, ta miƙo wa Meshak a tsaye, idonta na wajen akuyar da ke neman shiga gona. Ya jingine keken, ya karɓa, ya kai baki. Ta saman ƙwaryar yana hango rabin ƙasa, yadda ya tsere wa nasa da tsawo, yadda ganyensa ke sheƙi.

"Da ni aka ba wajen rafi, da ta fi haka," ya ce.

"Sha kununka."

Ya kurɓa, ya sauke ƙwaryar.

"Kuma har yau ban ga abin dariya a maganar gafiya ba."

Roseline ta ja gefen ɗankwali ta rufe baki, ta tafi korar akuya.